Fuskar sarki da kalmar mawaƙi: sharhi kan hotunan sarakunan dauri da na'ura ke haɗawa, daga Rum zuwa Tsibirin Gobir

Tsakure

Wannan maƙala tana duba hotunan fuskokin sarakunan dauri waɗanda ake haɗawa da taimakon ƙirƙirarriyar basira (intelligence artificielle). Mun fara da aikin da aka yi kan sarakunan Rum a 2020, sa'annan muka auna abin da irin wannan aiki zai iya bayarwa game da sarakunan Gobir da na Katsinar Maraɗi. Ra'ayinmu shi ne hoto ba ya fin madogararsa gaskiya. Inda kuwa madogarar kalma ce, matsalar ta masu nazarin harshe ce tun kafin ta zama ta masu na'ura.

0. Gabatarwa

Tun daga 2022, lokacin da manhajoji irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, duk wanda ya iya rubuta jimla guda yana iya samun fuska. Ba a jima ba fuskokin magabata suka fara yawo a WhatsApp da Facebook: Bayajida, Daurama, Amina ta Zazzau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Hotunan sun yi kama da waɗanda aka ɗauka jiya, har da sheƙin gumi a goshi da saƙar zare a jikin rawani.

Abin ya shafe mu ta hanyoyi biyu. Na farko, ɗalibanmu ne za su ɗora irin waɗannan hotuna a bangon kundayensu, kuma daga cikinsu ne ake samun masu tsara littattafan makarantun da ke koyarwa da Hausa da Faransanci. Na biyu, a gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa na jihar Maraɗi, tarihin sarauta bai mutu ba: fadar Gobir tana nan a Tsibiri, jikokin waɗanda ake zanawa suna raye, kuma kamannin da aka ba kaka magana ce a kan jika. Saboda haka za mu bi batun daki-daki, mu fara da inda shaida ta fi yawa, wato Rum.

1. Sarakunan Rum: dutse, kalma, na'ura

A 2020 wani mai zane ɗan ƙasar Kanada, Daniel Voshart, ya fitar da fuskokin sarakunan Rum 54, daga Agustus, wanda ya fara mulki a shekara ta 27 kafin Miladiyya, har zuwa wajen 285 Miladiyya. Ya tattara hotunan mutum-mutumin dutse kusan 800, ya zuba su cikin manhajar Artbreeder, ya gyara da Photoshop, ya kuma nemi launin fata da gashi da ido a tsofaffin rubuce-rubuce. Shi kansa ya ce aikinsa fassara ce ta mai zane, kuma ya bayyana madogararsa. Wannan abin a yaba ne. Sai dai hotunan sun bazu ko'ina ba tare da wannan bayani ba, mutane suka karɓe su a matsayin ainihin kamannin sarakunan. Aikin ya tsaya a kan duwatsun murhu uku, kuma kowane yana da rauni.

1.1. Dutse

Mutum-mutumin sarkin Rum kayan mulki ne, an sassaƙa shi don talaka ya ga abin da fada take so ya gani. Akwai sassaƙen Agustus fiye da 200 da suka rage, ciki har da shahararren nan na Prima Porta da aka tono a 1863. Mutumin ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, amma dutsen bai taɓa barinsa ya tsufa ba. Bugu da ƙari, in sarki ya faɗi, akan sake sassaƙa kansa ya zama na magajinsa. An yi wa kawunan Neron haka, wasu suka koma na Bespasiyan. Akwai kuma matsalar suna. Kan dutsen nan na birnin Benis da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana kira Biteliyus, yawancin masana a yau sun tafi a kan cewa na wani mutum ne daban da ya rayu a ƙarni na 2. Wanda aka tsamo daga kogin Rhône a Arles a 2007 aka ce Kaisar ne, manyan masana irin su Paul Zanker da Mary Beard ba su yarda ba. Na'ura ba ta san wannan gardama ba. Duk kan da aka ba ta, fata za ta shimfiɗa masa.

1.2. Kalma

Dutsen da ya iso mana fari ne, ko da yake an san Rumawa suna shafa masa fenti, kuma ragowar fentin na nan a jikin wasu, kamar kan Kaligula da ke Kofanhegan. Don haka launi sai an koma ga rubutu. Suwetoniyus, wanda ya fi kowa siffanta sarakunan farko, ya rubuta littafinsa wajen 121 Miladiyya, fiye da shekara 100 bayan rasuwar Agustus. Ya ce haƙoransa ƙanana ne, a wawware, ba su da tsabta. Girarsa a haɗe. Gajere ne har yana sa takalma masu tudu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikin dutse. Game da gashinsa kuwa ya yi amfani da kalmar subflavum. Tushenta flavus, kalmar da Latinanci ke siffanta zuma da ita, da nunanniyar alkama, har da ruwan kogin Tiber. Ɗafa-goshin sub- kuwa yana rage ƙarfin sifa, kamar yadda ninki yake yi a Hausa:

(1) ja → ja-ja « rougeâtre »
(2) fari → fari-fari « blanchâtre »

Ke nan marubucin cewa ya yi gashin rawaya-rawaya ne, abin da zai iya kamawa daga ruwan zuma zuwa ruwan ƙasa mai haske. Jimla tana iya zama a kan wannan faɗi. Hoto ba ya iyawa: dole ya zaɓi launi guda. A nan ne Voshart ya yi tuntuɓe. Bayan fitowar hotunansa na farko, an nuna masa cewa ɗaya daga cikin wuraren da ya samo launin gashi da ido dandali ne na masu aƙidar fifita farar fata, waɗanda ke jan kowace kalmar Latinanci zuwa ga gashin mutanen arewacin Turai. Ya cire wannan madogara, ya sake wasu fuskokin. Darasin a fili yake: son zuciya ya shiga hoton ta ƙofar fassara.

1.3. Na'ura

Abin da dutse bai faɗa ba, kalma ba ta faɗa ba, na'ura ce ke cikewa, kuma daga abin da ta koya take cikewa. Tsarin StyleGAN na kamfanin Nvidia, wanda irinsa ne Artbreeder ke aiki da shi wajen fuskoki, an horar da shi da hotuna 70,000 na mutanen zamaninmu da aka kwaso daga dandalin Flickr. Manhajojin da suka biyo baya sun koyo daga tarin da ya fi haka nesa ba kusa ba: LAION-5B yana da hotuna fiye da biliyan 5 haɗe da rubutunsu, sama da biliyan 2 daga ciki da Ingilishi. Saboda haka fatar da aka shimfiɗa wa Agustus aro ce daga fuskokin ƙarni na 21. Ƙoƙarin gyara ma yana iya zarcewa: a Fabrairun 2024 kamfanin Google ya dakatar da zanen mutane a manhajarsa ta Gemini, bayan ta riƙa fitar da hotunan tarihi da suka saɓa wa abin da kowa ya sani.

2. Gobir da Katsinar Maraɗi: inda babu dutse

In haka lamarin yake ga sarkin da ya bar sassaƙe 200, to ina ga wanda bai bar ko ɗaya ba? Bari mu tuna da shekaru. Bawa Jan Gwarzo ya yi sarautar Gobir a Alkalawa a ƙarshen ƙarni na 18. Alkalawa ta faɗi a 1808. Ɗan Kasawa ya kafa mulkin Katsinawa a Maraɗi wajen 1819. An yi yaƙin Gawakuke a 1836, bayansa Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Sai a 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Paris, kuma an daɗe kafin na'urar ta iso ƙasar Hausa.

2.1. Mulki iri biyu

Rashin sassaƙe a nan ya samo asali daga yadda sarauta take nuna kanta. Sarkin Rum yana buga fuskarsa a jikin tsabar kuɗi, tana yawo daga Biritaniya har Masar. Kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, ba fuskar kowa a kai. Sarkin Hausa kuwa rufe fuska yake yi: rawani ya sauko goshi, amawali ya rufe baki da hanci, kuma sau da yawa wani ne ke maimaita maganarsa ga jama'a. Al'adar tsohuwa ce a wannan yanki, domin tun a ƙarni na 14 Ibn Battuta ya ba da labarin sarkin Barno da ke magana da mutane ta bayan labule. Talakan Tsibiri da tambari yake gane isowar sarkinsa, da kakaki, da algaita, da muryar sanƙira. Wato kunne aka ba aikin da Rumawa suka ba ido. Hoton da ya nuno sarkin ƙarni na 19 fuska a buɗe, yana kallon mai kallo ido cikin ido, ya riga ya yi kuskure ko da a ce hancin ya yi daidai, domin ya ɗauko zaman sarautar Turai ya ɗora wa fadar Hausa.

2.2. Shaidar baƙi

Turawan da suka ratsa yankin ba su bar abin dogaro mai yawa ba. Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa a Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Zanukan da ke cikin littafinsa, mai zane Bernatz ne ya ƙawata su a Jamus daga ɗan zane-zanen da Barth ya yi a hanya, kuma garuruwa da filaye suka fi nunawa. Abokin tafiyarsa Overweg shi ne ya shiga Maraɗi da Gobir a wannan shekara, amma ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852 bai kai ga wallafa littafi ba. Abin da Landeroin ya tattara lokacin aikin iyaka na Tilho (1906-1909) jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Haka nazarin M. G. Smith kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore (1854-1875): tsarin sarauta ya bayyana, bai taɓo kamanni ba.

Siffantawa mafi cika da muke da ita ta wani mai mulki na wancan zamani ita ce wadda Clapperton ya yi wa Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824. Ya ambaci tsawonsa, da kaurin jikinsa, da gajeren baƙin gemu, da manyan idanu, da ƙaramin baki, ya kuma ce hancinsa irin na Girkawa ne. A wuri guda kuma ya ce ya ja rawaninsa ya rufe hanci da baki irin yadda Buzaye suke yi. Abin lura biyu ne. Baƙon ya siffanta sassan da shi kansa ya ce akan rufe. Sa'annan ma'aunin da ya auna hancin da shi, daga mutum-mutumin Girka da Rum ya ɗauko shi, domin a zamaninsa wannan shi ne yabon da Bature ke yi wa fuskar da ya girmama. Duk wanda ya zuba wannan siffantawa cikin na'ura, dutsen Rum ne zai dawo masa sanye da rawani.

2.3. Matsalar « ja »

Abin da ya rage mana shi ne baka: sunaye, laƙabi, kirari, waƙar fada. A nan ne aikin mai nazarin harshe yake. Mu duba waɗannan misalai:

(3) jan zane « pagne rouge »
(4) jan mutum « homme au teint clair »
(5) jan aiki « tâche ardue »
(6) jan hali « courage »
(7) jan kunne « avertissement »

A (3) launi ne na zahiri. A (4) launin fata ne, amma gwargwadon mutanen da ake zaune da su: wanda ake kira Jatau a Agye, hasken fatarsa a kan maƙwabtansa aka auna. A (5) da (6) babu launi sam, sifar ƙarfafawa take yi. A (7) kuwa kalmar ma daban ce: sunan aiki ne na aikatau ja « tirer », mai karin sauti faɗau, bambancin da kunne ke ji amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. To a wane layi Jan Gwarzo yake? Duk Bahaushe ya san yana tare da (5) da (6): jarumi ne wanda ba ya ja da baya. Laƙabin bai ce komai ba game da fatar Bawa. Haka ma sunan Bawa, suna ne da ake raɗa wa yaro, ba ya nufin mai shi bawan wani ne. Amma wanda zai nemi hoto yakan fassara umurninsa zuwa Faransanci ko Ingilishi, tunda da su na'ura ta fi ji, kuma fassarar kalma da kalma « rouge » za ta ba shi.

Abin bai tsaya nan ba. Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta asalin Gobirawa da Kibɗawan Masar. Wannan labarin asali ne, irin wanda gidajen sarauta da yawa suke da shi, kuma aikinsa ɗaukaka nasaba. In aka haɗa « rouge » da « copte » aka miƙa wa na'ura, Balarabe za ta haifar. Daga nan sai mu koma gidan jiya, ga tsohon ra'ayin marubutan zamanin mulkin mallaka cewa duk wata daula a Afirka wani mai hasken fata ne ya zo daga gabas ya kafa ta. Masana tarihinmu sun sha wahala kafin su kawar da wannan ra'ayi daga littattafai. Bai kamata ya dawo ta hoto ba, musamman a yankin da zancen wane ne Bahaushe, wane ne Bafillace, wane ne ɗan asalin gida, yake da nauyi a duk lokacin da gadon sarauta ya faɗi.

Kirari ma haka yake. In maroƙi ya kira sarki giwa, ko zaki, ko bajimi, matsayi yake faɗa. Kirarin gidan sarauta gado ne: wanda aka yi wa kaka ana yi wa jika, ko dogo ne ko gajere. Ta wannan fuska kirari ɗan'uwan mutum-mutumin Agustus ne, dukansu sarauta suke siffantawa.

2.4. Abin da muka sani, na'ura ba ta sani ba

Akwai abu guda da muke da tabbaci a kai game da fuskar Bagobiri na wancan zamani, shi ne tsagar gado, wadda wanzami ke yi wa jariri: layuka daga gefen baki zuwa wajen kunne, waɗanda aka fi sani da shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Katsinawa ma suna da tasu. Wannan ita ce takardar shaidar mutum kafin zuwan takarda. Fuskoki masu irin wannan aska ba su da yawa a cikin hotunan da na'ura ta koya da su, balle a ce an rubuta a ƙarƙashinsu ta wace ƙabila ce. Saboda haka ko dai ta bar kuncin sumul, ko ta yi zane barkatai wanda ba na kowa ba. Sakamakon abin mamaki ne: ta ƙirƙiro abin da ba wanda ya sani, kamar tsawon hanci, ta bar abin da kowace tsohuwa a Tsibiri ta sani.

3. Kalmar « hoto »

Zana magabata daga tunani ba sabon abu ba ne. Nijeriya ta sa Amina ta Zazzau a kan sarki a 1975, alhali masana ba su ma daidaita kan ƙarnin da ta rayu ba, na 15 ko na 16. A Nijar, mutane da yawa in an ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, fuskar Aï Keïta suke gani, ƴar wasan da ta fito a fim ɗin Med Hondo na 1986. Sai dai kan sarki yana nuna zane ne, fim kuma kowa ya san wasa ne. Hoton na'ura shi ne ya ari rigar shaida.

Harshenmu kuma bai taimaka ba. Faransanci ya raba photographie da portrait da reconstitution. Hausa ta ari kalma guda, hoto, ta ɗora mata duka: wanda aka ɗauka, wanda aka zana, har da na bangon littafi. In aka rubuta « hoton Bawa Jan Gwarzo », ɗan makaranta ba shi da hanyar gane wanne ake nufi, kuma sheƙin fatar zai sa ya zaɓi ma'anar farko. Don haka muna ba da shawarar a raba kamar haka:

(8) hoton ɗauka: wanda na'urar ɗaukar hoto ta kama mai shi yana gabanta;
(9) zanen gani: wanda mai zane ya yi bayan ya ga mai shi da idonsa;
(10) zanen zato: wanda aka haɗa daga labari, da hannu ko da na'ura.

A wannan ma'auni, aikin Voshart yana tsakanin (9) da (10), tunda wasu daga cikin masu sassaƙar farko sun ga sarakunan. Duk wata fuskar Bawa, ko Ɗan Kasawa, ko Mayaƙi, tana cikin (10) kacokan.

4. Kammalawa

Ba mu ce a hana zanen zato ba. Yaro yana bukatar abin kallo, kuma littafin tarihi marar zane ba ya jan hankali. Abin da muke nema uku ne. Na farko, duk inda aka sa irin wannan zane a kundi ko littafin makaranta, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa zanen zato ne, a faɗi manhajar, a kuma kawo umurnin da aka ba ta da harshen da aka rubuta shi, kamar yadda muke kawo madogarar kowane misali. Na biyu, a fifita abin da ake da shaida a kai: tufafi, rawani da amawali, kayan doki, tambura, tsaga. Ana iya tambayar waɗannan a fadar Tsibiri da ta Maraɗi, wajen wanzamai da makaɗan fada, da kuma cikin muryoyin da IRSH da CELHTO suka adana a Yamai. Sarkin da aka zana da amawali a rufe ya fi kusa da gaskiya, kuma ya rage wa mai zane ƙarya. Na uku, akwai aikin da ke jiran ɗalibanmu masu neman batun kundi: a tattara kalmomin launi da na siffar jiki da ke cikin laƙabi da kirarin sarakunan Gobir da Katsina, a rarrabe na zahiri da na adon magana, yanki-yanki, daga Gidan Rumji zuwa Gazawa. Muddin ba a yi wannan ba, mai fassara ne zai ci gaba da zaɓa wa kakanninmu launi, na'ura kuma ta buga masa hatimi.